Ja a Zaure, Kore a Gindin Gawo

Gwajin yana yin ja a zaure, yana yin kore a gindin gawo. Jamil ya kasa gane dalili.

Manhajar ba wata babba ba ce. Ƙungiyar manoman Rijiyar Kanya, can gefen Makoda, ta sayi injin sussuka guda ɗaya, kuma duk kaka sai an yi rigima a kan wanda za a fara yi wa. Da Jamil ya dawo daga karatu a Malesiya bai sami aiki ba, sai shugabannin ƙungiyar suka ce ya yi musu abin da zai riƙa raba ranaku ta waya. Manomi ya nemi rana, manhaja ta duba, ta aika masa saƙo: an ba ka, ko an ɗaga, ko an soke. Ba a fara aiki da ita ba tukuna. Har yanzu Ɗan Iya, mai kula da injin, da baki yake raba ranakun.

Ɓangaren da ke karɓar buƙatar manomi ya ba shi amsa shi ake kira kwanturola. Jamil ya rubuta masa gwaje-gwaje kamar yadda aka koya masa, ƙananan shirye-shirye da ke yin kamar su ne manomi. Wani ya nemi rana ya ga ko an ba shi. Wani ya soke. Wani ya nemi ranar da aka riga aka kama. Duk a cikin kwamfuta ake yin su, da manomi na bogi da ɗan aike na bogi, ba abin da ke fita waje. In kwanturola ya yi daidai, layi ya yi kore. In ya kuskure, ja. Duk lokacin da aka kunna, kwamfutar kan yamutsa jerin gwaje-gwajen, don kada wani ya jingina da wani.

Irin wannan gwaji ba ruwansa da inda kake zaune. Amma in Jamil ya kunna shi a zauren gidansu, sai ja. In ya ɗauki kwamfutar bayan la'asar ya hau tudun da ke kusa da masussuka, ya zauna a gindin gawo, sai kore. Bai taɓa ko harafi ɗaya ba a tsakani.

Ya kira Kamaruddeen, abokin karatunsa da ke aiki a Bacirawa.

"Sabis ne," in ji Kamaruddeen. "Wani abu naka yana leƙa intanet."

"Ba abin da ke leƙawa. Ɗan aiken na bogi ne, ga shi ina kallonsa."

"To me jan yake cewa?"

"Wai an sa ran nasara, ba a samu ba. Iyakarsa ke nan."

"Duba agogon kwamfutar."

"Na duba."

"Zafi fa? Zauren naku kwano ne?"

"Soro ne. Ya fi waje sanyi."

"To mutumina, aljanu ne. Ka sa a yi wa zauren hayaƙi."

Jamil ya kashe wayar. Maganar aljanu ba ta ba shi dariya ba, don a kwanakin nan an fara yin ta a gidansu da gaske, a kan mahaifinsa.

Mahaifin nasa, Malam Yahya, shi ke riƙe da gandun gidan tun rasuwar kakan Jamil. Shi da ƙanensa Sama'ilu gona ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya suke zubawa, kuma abin da Malam Yahya ya ce shi ake yi. 'Ya'yan Sama'ilu sun girma, sun daɗe suna so a raba, kowa ya san nasa. Ubansu ke danne su. Yakan ce muddin Yaya na da ƙarfinsa da hankalinsa ba mai shiga gonar nan da igiyar awo.

Hankalin ne yanzu ake shakka.

Wata safiya Malam Yahya ya tashi ya ce a ɗaura wa shanu amalanke, a kai dammunan dawa masussuka, inji zai zo. Ya aika gida-gida aka kira gayya. Inna Luba, mahaifiyar Jamil, ta dama fura, aka kira Aina'u, ƙanwar Jamil, daga gidan mijinta ta zo ta taya girki. Maƙwabta suka bar nasu aikin suka zo. Suka zauna har azahar. Suka ci ɗanwake, suka sha fura, suka watse. Inji bai zo ba. Da aka sami Ɗan Iya a wani ƙauye yana aiki, ya rantse bai ba gidan Malam Yahya rana ba, su sai an gama da unguwar gabas.

"Yaya, wa ya ce maka yau ne?" in ji Sama'ilu.

"An ce min."

"Wa?"

Malam Yahya ya ɗauki butarsa ya tafi alwala.

Aka mayar da dawar gida, don ba a barin ta a fili ga awaki. Bayan 'yan kwanaki ya sake cewa a ɗaura amalanke, da yamma, wai a kwana da shiri. An kai rabin hanya sai ya biyo su da sauri ya ce a juya, an fasa. Aka juya. Ba a gama sauke dammunan ba ya fito daga bayan rumbu ya ce a mayar, maganar tana nan. Washegari aka sake kiran gayya. Waɗanda suka zo ba su kai na farko ba. Inji bai zo ba.

Jamil bai tambayi mahaifinsa komai ba. Ba ya daga cikin abin da ake yi. Shi ne ɗan fari, kuma tun da ya yi wayo Malam Yahya bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama ya yi hira da shi ba. In yana son a gaya masa magana sai ya ce a faɗa wa wancan. Inna Luba ma haka. Shekarun da ya yi a waje, in ya bugo waya, Malam Yahya kan amsa sallama, ya ce lafiya lau, ya miƙa wa Aina'u. Jamil bai taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba. Kunya ce, kuma ya saba.

Aina'u ce ta same shi a zaure, kwamfuta a cinya, layuka ja reras.

"Injiniya, kana nan kana kallon talabijin ɗinka gida na rushewa."

"Me ya faru kuma?"

"Baffa ya je wurin mai unguwa. Ya ce in aka sake kiran gayyar banza, Juma'a mai zuwa a zo da igiya."

"Baffa da kansa?"

"Da kansa. Ya ce gara a raba Baba na tsaye da a raba yana kwance a asibiti." Ta zauna a dakali. "Na gan shi, Yaya. Yana laɓewa a bayan rumbu yana magana shi kaɗai. A hankali, kamar mai biya karatu. Ya gama ya fito ya ba da umarni."

"Me yake cewa?"

"Ka ji ka! In matsa in saurara? Kai da ka yi karatu a bayan duniya ka je ka tambaye shi mana."

"Kin san ba zai amsa min ba."

"Ni ma bai amsa min ba. Na ce Baba wa ke gaya maka ranakun nan? Ya ce in je in duba tukunyata." Ta leƙa kwamfutar. "Wannan jan fa? Ya lalace ne?"

"Ban sani ba."

"Me ka sani?"

"A gindin gawo kore ne."

Ta dube shi. "Allah ya sa ba a jini abin yake ba," ta ce, ta shige gida.

Ya bi duk abin da ya iya. Ya cire caji ya gwada da batir. Ya gwada da safe, ya gwada da rana. Ya goge komai ya sake saukewa. Wata rana a bakin ƙofar zauren, gwaji ɗaya ya yi kore sauran suka yi ja, ya sake kunnawa, wanda ya yi kore ya koma ja. Ya karanta ɗan aiken bogin layi-layi. Ba abin da ke damunsa: ka ba shi saƙo, ya ce ya kai, ya zauna. Ko lambar waya ba ya dubawa.

Yana cikin wannan yakan ga mahaifinsa ya wuce ta zauren. Jamil ya sauko daga dakali ya durƙusa ya gaishe shi, Malam Yahya ya amsa yana kallon ƙofa. Ba rama a jikinsa. Idonsa ƙalau. Ya san sunan kowane sa, ya san wace kunya ce a gonar ta fi ba da dawa bana. A masallaci shi ke gyara wa liman in ya tsallake aya. Jamil ya rasa inda zai ajiye wannan da kuma amalanken da ke zuwa yana dawowa. Ya bincika a waya alamomin mantuwar tsufa, ya karanta, wasu sun yi kama, wasu ba su yi ba. Ya rufe.

Sau ɗaya, a hanyar masallaci, ya ga kamar mahaifin nasa ya dube shi, irin duban mai jiran a ce masa wani abu. Jamil ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, Malam Yahya ya yi gaba.

Ran Laraba da yamma Jamil ya hau tudu, ya kunna gwajin, ya yi kore, ya sauko ba tare da ya ƙaru da komai ba. Kafin magariba Malam Yahya ya ce gobe inji zai zo.

Sama'ilu bai yi musu ba. Ya ce to. Shi da kansa ya ɗaura shanun. 'Ya'yansa suka yi lodi. Kowa ya san abin da ake jira, kuma ba injin ba ne.

Gayyar ranar Alhamis ba ta amsa sunanta ba. Tsofaffi ne 'yan kaɗan, abokan Malam Yahya, waɗanda ba za su iya ƙin zuwa ba. Suka zauna a inuwar gawo suna hirar farashin taki. Aina'u ta kawo fura ta ajiye, ta tsaya daga gefe da mayafinta. Jamil ya taya sauke dammuna, ƙaiƙayi ya cika masa wuya, ya koma gindin bishiyar ya buɗe kwamfuta don ya sami inda zai sa idonsa. Rana ta take. Aka yi azahar a nan. Tsofaffin suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa, kowa ya ce Allah ya kawo sauƙi, ba wanda ya ce sauƙin me.

'Yan gida suka rage. Sama'ilu ya sallami 'ya'yansa, ya ce su kai shanu su sha ruwa. Ya gyara zama a gaban wansa.

"Yaya, ban taɓa ɗaga maka murya ba, yau ma ba zan ɗaga ba. Ka faɗa min mutum ɗaya. Suna ɗaya. In je in same shi in tambaye shi don me yake wasa da mu. In akwai shi, wallahi maganar igiya ta mutu."

Malam Yahya yana jan carbi.

"In kuma babu shi, ka bari mu kai ka a duba ka. Ba abin kunya ba ne. Gonar kuma a raba tun kana gani, ka sa albarka."

"Akwai shi."

"Wane ne?"

Malam Yahya ya kawar da kai.

"Mutum ne?"

"Sama'ilu."

"Tambaya na yi, Yaya. Mutum ne, ko murya kake ji?"

Jamil bai san abin da zai yi da hannunsa ba. Ya danna maɓallin gwaji. Layuka suka fara sauka, kore, kore, kore.

Wani abu ya yi gurnani a aljihun Malam Yahya. Ya sake. Ya sake. Tsohon ya miƙe, ya zaga bayan tarin dawa. Daga inda suke suna jin muryarsa ƙasa-ƙasa, yana haɗa baƙi da wasali irin na wanda ya koyi boko da girma. Ya dawo yana mayar da tabarau aljihu.

"An ɗaga," ya ce. "Gobe ne."

Sama'ilu ya dafe kai. Aina'u ta juya baya.

"Waya ce, Baffa," in ji Jamil. "Saƙo aka aiko masa."

"To wa ya aiko? Ɗan Iya ko sunansa bai iya rubutawa ba. Yaya, kawo wayar."

"A'a."

Jamil ya dubi kwamfutar. Ya dubi aljihun mahaifinsa. Tunanin da ya zo masa bai yi masa kama da mai yiwuwa ba, don ɗan aiken na bogi ne, ya karanta shi har ya haddace. Ya sake danna maɓallin.

Aljihun ya yi gurnani.

Wannan karon Malam Yahya bai zaga ba. Ya juya musu baya kawai, ya sa tabarau, ya daɗe yana karantawa. Kafaɗunsa suka sauka.

"An soke," ya ce.

Jamil ya buɗe kwanturolan kansa, ba gwajin ba. Ya gangara ƙasa yana bin layukan. Ga shi nan, layi ɗaya, wanda ya rubuta makonni da suka wuce ran da ƙungiya ta ba shi izinin aika saƙo na gaske, yana ɗokin ya ga abin ya yi aiki. Kwanturolan ba ya karɓar ɗan aiken da gwaji ke miƙa masa. Nasa yake kira, na gasken. Na bogin yana zaune a gefe ba wanda ya taɓa aikensa. A zaure sabis ba ya isa, saƙo ya kasa fita, sai ja. A kan tudu ya fita, sai kore. Manomin bogin kuwa yana buƙatar lambar waya, kuma lamba ɗaya ce Jamil ya sani da ka, wadda ya yi shekaru yana bugawa daga Malesiya.

Ya ajiye kwamfutar a ƙasa. Ba zai iya yi wa mahaifinsa magana kai tsaye ba, sai ya fuskanci Sama'ilu.

"Baffa, saƙon cewa yake: Ƙungiyar Manoman Rijiyar Kanya, an soke ranarka ta sussuka, za a sanar da kai. Kafin shi akwai wanda ya ce an ba ka gobe, ka kai amfaninka masussuka."

Malam Yahya bai juyo ba.

"Ya aka yi ka sani?" in ji Sama'ilu.

"Ni na rubuta."

"Kai ke aiko masa?"

"Ba ni ba. Wato, ni ne. Kwamfutar ce. Gwaji nake yi."

"Gwajin wa? Ubanka kake gwadawa?"

"A'a, Baffa. Manhajar nake gwadawa. Akwai manomi na bogi a ciki, shi ke neman rana."

"Wane ne shi?"

"Ba kowa ba ne. Babu shi."

"Babu shi, amma yana da dawa."

"Ba shi da dawa. Ana yin kamar yana da ita ne, a ga ko manhajar za ta ba shi amsa daidai."

"Ta ba shi?"

"Ta ba shi. Sai dai amsar tana fita ta zo wayar Baba."

"Don me?"

"Lambar Baba na sa masa."

Aina'u ta saki wani sauti, tsakanin dariya da salati. "Duk lambobin duniya, Injiniya."

"Ba a ce za ta fita ba. Ɗan aiken na bogi ne."

"Shi ma na bogi ne," in ji Sama'ilu. "Manomi na bogi, ɗan aike na bogi. Shanun fa? Su da suka yi ta jan amalanke, na bogi ne? Furar da uwarka ta dama?" Ya tsaya. "Tsaya tukuna. Goben nan, akwai ta ko babu?"

"Babu."

"An soke ke nan."

"Ba a soke ba. Ba a taɓa bayarwa ba."

"Amma ya ce an ɗaga."

"Duka ukun yake aikowa kowane lokaci, Baffa. Jerin ne ke canzawa. Baba yana ɗaukar na ƙarshe."

"Wa ke canza jerin?"

"Ba kowa. Haka kawai yake yamutsawa."

"Da gangan?"

"E. Haka ya fi kyau."

Sama'ilu ya dube shi kamar yadda ɗazu yake duban wansa. Ya ce, "Danna mu gani."

Jamil ya danna. Kore. Aljihun ya yi gurnani sau uku a gaban kowa. Ba wanda ya motsa. Wani ɗan akuya ya matso kusa da dawar, Aina'u ta kore shi da gefen mayafi.

Sama'ilu ya juya wurin wansa. Muryarsa ta canza, amma ba ta yi laushi ba.

"Ka san daga wurinsa yake fitowa?"

Malam Yahya ya zauna. Ya yi magana yana kallon tarin dawar. "Sunan ƙungiya ne a kai. Kowa ya san wanda ƙungiya ta ba aikin."

"To don me ba ka faɗa ba?"

"Na ɗauka an sa mu gaba ne a ɓoye, kafin unguwar gabas. Wannan ba abin faɗa ba ne."

"Da injin bai zo ba fa?"

"Sabon aiki ne. Na ce ana gyarawa." Ya ja carbi ɗaya. "In na ce daga can ne, gari zai ce an je karatu an dawo da abin da ba ya aiki. Ƙungiya ta karɓe."

"Sai ka bari gari ya ce kai ne ba ka aiki."

Malam Yahya ya ci gaba da jan carbinsa.

"Gida ɗaya kuke kwana. Zaure ɗaya kuke bi. Ka tsaya ka ce kai, saƙon nan na mene ne?"

"Ka san ba a yin haka."

"Na sani. Ni ma ina da ɗan fari. Amma ni in ta kai ga shanu na kan aiki uwarsa."

"Inna ma ba ta yi masa magana, Baffa," in ji Aina'u.

"Ke fa? Ba don haka aka haife ki ba?"

"Cewa aka yi in duba tukunyata."

Sama'ilu ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya yi 'yan taku ya dawo. Ya tsaya a kan Jamil.

"Abin naka yanzu ya lalace ne, ko yana aiki?"

Jamil ya yi tunani. "Manhajar tana aiki. Saƙo yana zuwa. Gwajin ne ba daidai ba."

"Ɗazu ka ce kore ne."

"Koren ne ba daidai ba."

"Jan fa?"

"Jan ma ba don abin da nake zato ba ne."

"Ni ban gane ba. Ba na kuma so in gane." Ya nuna kwamfutar da haɓa. "Za ka iya hana shi?"

"Layi ɗaya ne."

"Layi ɗaya." Ya juya. "Yaya, na je wurin mai unguwa a kan ba ka da lafiya. Kana da lafiya. Zan koma in ce kada ya zo gobe. Bana ba za a raba ba, na faɗa, kuma zan faɗa wa yarana. Baɗi za su sake tayar da ita, ban kuma san me zan ce musu ba, don sun ga abin da suka gani. Maganar inji daga yau ta hannuna za ta bi. Ni da Ɗan Iya, baki da baki."

Malam Yahya ya ce, "To."

"Kai kuma," Sama'ilu ya ce wa Jamil, "duk gidan da aka kira gayya za ka shiga da ƙafarka. Ka gaya musu ba Yaya ba ne. Ka yi musu bayanin manomin nan naka da babu shi, su ma su ji abin da na ji. Ba mai sake fitowa gayyarmu in ba a yi haka ba."

"To, Baffa."

"Ƙungiya za ta ji," in ji Malam Yahya, ga tarin dawar.

"Ta ji mana. In ta karɓe aikin ta karɓe. Gona ta fi shi."

Jamil ya ja kwamfutar, ya gyara layin, ya goge lambar ya sa sifiri reras a wurinta. Ya rufe. Sama'ilu ya ɗaga hannu yana kiran 'ya'yansa su dawo da shanu a kwashe dawar.

An ɗora dami na farko ke nan aljihun Malam Yahya ya sake gurnani, sau ɗaya. Kwamfutar na rufe a kan tabarma. Duk suka dube ta, suka dubi Jamil.

"Ban taɓa ba," ya ce. "Wataƙila wani ne ya maƙale a hanya."

Malam Yahya ya ciro wayar, ya sa tabarau, ya karanta. Ya fara yunƙurin tashi, ya fasa. Ya miƙa wa Aina'u wayar.

"Tambayi wancan," ya ce. "Wannan na wasan ne, ko na gaske?"

Aina'u ta karanta, ta dubi mahaifinta. "Baba, kamfanin waya ne. Wai ka sayi data."

"A ci gaba da lodi," in ji Sama'ilu.